Ranar da Cif Ya Fita ta Ƙofar Baya

Shekara goma sha tara Morenike Ajibade ta yi tana aiki a kamfanin biskit na Ayodun da ke Ibadan, bakwai daga ciki ita ce shugabar ɗakin injina. A duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa jin injinan sun yi tsit gaba ɗaya da rana tsaka ba sai wata Talata, ana saura mako biyu Kirsimeti. Tana ofishinta a sama, ta buɗe ganyen alale ke nan za ta kai loma, sai ƙugin da kunnenta ya saba da shi ya ɗauke ɗif. Kafin ta ajiye cokali ta ji ihun mata.

Da gudu ta sauko, ko hular aiki ba ta tsaya sakawa ba. A gindin injin murza kwaɓi ta tarar an yi cincirindo. Tunrayo ce kwance a ƙasa, mace mai 'ya'ya biyu da ta shekara shida a kan wannan injin. Rasaki Olaniyan, mai kula da tanda kuma shugaban ƙungiyar ma'aikata, ya tuɓe rigarsa ya naɗe mata hannun dama, rigar har ta jiƙe jawur. Tunrayo ba kuka take ba. Idonta a buɗe yake tar, tana ta maimaita a gaya wa mamarta kar ta tsorata.

"Mota! Me kuke kallo? Ku kawo mota!" in ji Morenike.

Motar raba kaya ce a kusa. Aka watsar da kwalayen biskit a ƙasa, aka shimfiɗe Tunrayo a ciki, mata biyu suka shiga da ita. Da motar ta fita, Rasaki ya juyo, ƙirjinsa duk jini. Bai ɗaga murya ba. Ya dai miƙa yatsa ya nuna ramukan kusoshi huɗu da ke bakin injin.

"Madam, kin gani ko?"

Ta gani. A nan ragar ƙarfe take a da, wadda ke hana hannu kaiwa ga abin murzawa. A watan Oktoba aka cire ta, ita da na sauran injina biyar. Da ragar, duk lokacin da kwaɓi ya maƙale sai an kashe inji, an buɗe, an share, an mayar. Ba ragar kuwa, ma'aikaci zai tura kwaɓin da hannu inji na gudu, aiki ya yi sauri, a cika odar Kirsimeti. Shugaban kamfani, Cif Adeoti Fagbemi, shi ya ce a cire. Sau biyu Morenike tana rubuta masa cewa ba ta yarda ba. A karo na uku, a gaban manajoji, ya dube ta ta saman tabarau ya ce idan zuciyarta ba ta iya ɗaukar aikin maza, akwai gurbi a kicin ɗin ma'aikata. Aka yi dariya. Da yamma ta sa hannu a takardar cire ragar.

Cif mutum ne da ake ji kafin a gan shi. Dogo ne, kakkaura, muryarsa kamar daga cikin tulu take fitowa. Idan ya shigo ɗakin taro ba ya zama nan take. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya bi kowa da kallo har sai tari ya ɗauke. Samarin manajoji har ƙasa suke kwanciya su gaishe shi. Duk ƙarshen wata yana tara su ya koya musu shugabanci: yadda ake tsayuwa, yadda ake jan shiru kafin a amsa tambaya, yadda shugaba ba ya sauri, ba ya gumi, ba ya bari na ƙasa da shi ya ga bayansa. Har makarantu ake gayyatarsa ya yi wannan jawabin. Morenike kanta ta daɗe tana jin cewa shi aka haifa don mulki, ita kuwa ta dai iya aiki ne kawai.

Minti ashirin bayan fitar motar, ma'aikata sama da ɗari uku sun cika farfajiya, sun rufe babbar ƙofa da kwado. Cif ya kira taro a sama. Morenike ta shiga da jini a bakin zanenta. Barista Oyelaran, lauyan kamfani, yana gefensa da takarda.

"Wa ya ce su kashe tanda?" Tambayar Cif ta farko ke nan.

Morenike ta dube shi. Ta ce, "Cif, yarinyar tana hanyar asibiti. Ban san ko za su iya ceto hannun ba."

"Ba ita na tambaye ki ba. Tanda na tambaya. Kin san awa nawa take ɗauka kafin ta sake yin zafi?"

"Awa huɗu. Ni na rubuta littafin aiki da ita."

Ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle. "Kar ki yi mini baƙar magana a ofishina! Mutanenki ne suke ihu a ƙofata kamar 'yan tasha. Ke kika sake musu fuska. Yau Anti kaza, gobe Anti kaza, ga sakamakon nan."

Sauran manajojin kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin farcensa. Barista ya yi gyaran murya ya ce abu ɗaya ne kawai: kar kowa ya ce a yi haƙuri, kar kowa ya ambaci raga, a ce za a yi bincike.

"Ni za a koya wa magana da leburori?" in ji Cif. Ya kira direbansa ya ce ya ɗauko masa farar babbar rigarsa daga mota, da murjanin wuya. Ya dubi agogo. "Ku bar su su sha rana tukuna. Minti arba'in. Idan rana ta dafa su, muryarsu za ta ragu. Sannan mu fita. Ni a saman matakala, ku a bayana, kowa ya rufe bakinsa."

"Baba," in ji Morenike, ta sassauta murya da ƙyar, "ba sarauta suke son gani ba. So suke su ji labarin Tunrayo, su kuma ji an ce za a mayar da ragar. Kalma biyu ce. Ka sauka yanzu ka faɗa musu, wallahi za su watse."

"Ajibade, shekarunki nawa kina shugabantar mutane? Ni tun kina firamare nake yi. Zauna."

Ta zauna. Minti arba'in ɗin nan ta yi su tana kallon Cif yana gyara hannun riga a gaban gilashin taga, yana karkata hula dama, yana mayar da ita hagu. Ta tura saƙo ga matan da ke asibiti, suka amsa cewa an shiga da Tunrayo ɗakin tiyata. Ta faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Cif ya ci gaba da gyara hularsa.

Rana ba ta dafa kowa ba. Da suka fito, ihun ya ninka na da. Cif ya tsaya a saman matakala, ya buɗe kafaɗu, ya ja shirunsa da ya saba. A ɗakin taro shirun nan yana sa gwiwar mutum ta yi sanyi. A nan kuwa ba wanda ya ma lura da shi. Dole ya miƙa hannu aka ba shi lasifika.

"Ku saurara! Kun san wanda ke magana da ku? Wannan kamfanin da kuke ci kuke sha a cikinsa, da hannuna na gina shi!"

Wata mata daga tsakiyar taron ta ƙwala murya, "Da hannu nawa, Baba? Tunrayo ma da hannu biyu ta shigo yau da safe!"

"Wace ce wannan? A rubuta mini sunanta!"

"Rubuta nawa!" in ji wani. "Da nawa!" in ji wata. Nan da nan farfajiya ta ɗauka, kowa yana kiran sunansa da na ubansa.

Rasaki ya ɗaga hannu aka lafa. Har yanzu ba riga a jikinsa. Ya rusuna kaɗan, don bai manta girman furfura ba, ya ce, "Cif, tambaya ɗaya ce. Wa ya ce a cire ragar injin?"

"Za a yi bincike."

"Ba bincike muka tambaya ba, Oga. Suna muke so."

"Na ce za a yi bincike! Kuma idan aka gano ma'aikaciya ce ta yi sakaci, tana aiki tana surutu..."

Bai ƙarasa ba. Wani ya cillo curin kwaɓi, ya sauka daf a ƙirjin farar rigar, ya manne a kan murjanin. Na biyu ya tafi da hular. Morenike tana taki ɗaya a bayansa, ta ga abin da taron bai gani ba: gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa, bakinsa yana motsi ba sauti. Ya dubi hagu ya dubi dama kamar mai neman wanda zai kama. Sai ya cusa mata lasifikar a hannu.

"Mutanenki ne. Ki ji da su."

Ya juya ya shige. Barista ya bi shi, manajoji suka bi Barista, har ana taka wa juna ƙafa a bakin ƙofa. Jim kaɗan aka ji tashin mota. Baƙar motar Cif ta zagaya ta bayan sito, ta fice ta ƙofar da manyan motocin fulawa ke shigowa.

Taron ya ɗauki ihu, "Ya gudu! Baban shugabanni ya gudu!"

Morenike ta tsaya ita kaɗai. Ba jarumta ce ta tsayar da ita ba, haushi ne. Haushin shekarun da ta yi tana rage muryarta a gaban mutumin nan, tana jin kanta ƙarama. Haushin takardar da ta sa wa hannu. Ta sauko matakalar har ƙasa, ta tsaya inda take jin warin gumin mutane.

"Ni ce na sa hannu," ta ce. Muryar ta fito a shaƙe, sai da ta maimaita. "Rasaki ya nemi suna. Cif ne ya ba da umarni. Na rubuta masa sau biyu ban yarda ba, na uku na ji tsoron rasa aikina na sa hannu. Sunana yana kan takardar. Morenike Ajibade."

Ta yi zaton gaskiya za ta sanyaya su. Ina! Kamar ta zuba fetur. "Muguwa!" "Ke da muke kira Anti!" Matar nan ta ɗazu ta kutso har gabanta tana nuna ta da yatsa. "Ranar sunan ɗan Tunrayo kin zo kin ci amala, kin yi rawa! Ashe kina sane da abin da kika ajiye mata!"

"Ina sane," in ji Morenike. "Zage ni, kin yi daidai."

Tana faɗin haka ta hango wasu samari uku sun ɗauki sandunan ƙarfe sun nufi ɗakin tanda. Nan take shaƙewar ta bar muryarta.

"Kai! Kai mai jar hula, da kai nake! Ajiye ƙarfen nan! Bututun gas ne a bayan bangon can, kana dukansa sau ɗaya duk wanda ke filin nan ya zama gawayi, har da uwarka da ke sayar da abinci a bakin ƙofa! Hannu ɗaya bai ishe ku ba yau? Ajiye na ce!"

Saurayin ya tsaya, ya dubi Rasaki. Rasaki ya gyaɗa kai. Ƙarfen ya faɗi ƙasa.

Ba ta ba su damar sake tasowa ba. Ta kira shugaban makanikai da sunansa ta ce ragogin shida suna sito na biyu, ƙarƙashin tsofaffin buhuna, ya ɗauki mutum huɗu su fito da su yanzu. Ta ce a rufe gas daga waje. Ta ciro makullin ɗakin wutar lantarki daga wuyanta ta miƙa wa Rasaki.

"Riƙe. Ba injin da zai tashi sai kai da kanka ka jijjiga ragarsa ka gamsu. Ko gobe ne, ko jibi."

Rasaki ya dubi makullin bai karɓa ba. "Wa ya ba ki izinin wannan, Madam?"

"Ba kowa. Wanda zai ba ni ya fita ta ƙofar fulawa."

Wasu suka yi dariya mai ɗaci. Rasaki ya karɓa. "Kar ki ɗauka mun yafe miki," in ji shi.

"Ban roƙa ba. A buɗe ƙofa, zan tafi asibiti. Duk abin da likita ya faɗa, da bakina za ku ji shi."

Aka buɗe. Ƙarfe biyar na yamma ta dawo ta tarar da rabinsu ba su tafi ba, ta gaya musu an yanke yatsu uku, an ceto babban yatsa da manuni. Ba wanda ya yi ihu. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Washegari Cif ya dawo cikin sabuwar riga ruwan toka, muryarsa ta koma tulunta. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin taro ya bi kowa da kallo kamar jiya ba ta faru ba, kuma abin da ya fi ƙona wa Morenike rai shi ne yadda manajojin suka miƙe zumbur. Ya ce ya fita jiya ne don ya gana da masu kamfani a kan matakin gaggawa. Wani har da cewa, "Haka ne, Baba."

Barista ya turo mata takarda. An rubuta cewa Tunrayo ta saɓa ƙa'idar aiki, kuma sashen injina ne ya cire ragar ba da sanin shugaba ba.

"Sa hannu," in ji Cif, "sai in manta da wasan yaran da kika yi jiya. Kin tsaya gaban leburori murya na rawa kamar 'yar makaranta, kin miƙa makullin kamfanina ga mai gasa biskit. Wannan ne shugabanci? Kin zubar mana da mutunci."

Morenike ta karanta takardar har ƙarshe, ta tura masa abarsa.

"Muryata ta yi rawa, Cif, gaskiya ne. Gwiwata ma ta yi. Amma a filin suka yi rawar, inda aka bar ni. Taka muryar ina ta je? Shekara bakwai kana koya mana yadda ake tsayuwa. Jiya mutum ɗari uku sun ga tsayuwar."

"Ajibade!"

"Ban gama ba, Baba. Tun jiya har yanzu ba ka tambayi yatsu nawa suka rage mata ba. Biyu ne. Na faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Na sa hannu sau ɗaya don tsoronka, ga abin da ya haifar. Ba zan ƙara ba."

Cif ya miƙe, jijiyar wuyansa ta fito raɗa-raɗa. "Fita! Kin bar aiki daga yanzu! A raka ta ƙofa!"

"Na san hanya. Ta gaba zan bi."

Daga nan ofishin masu duba lafiyar ma'aikata ta wuce, ta ajiye musu kwafin wasiƙunta biyu da takardar da ta sa wa hannu, duka ukun. Sannan ta sayi lemo da ayaba ta nufi asibiti. Mahaifiyar Tunrayo tana zaune a bakin gado. Morenike ta durƙusa ta gaishe ta, tsohuwar ta kau da kai. Tunrayo ta yi magana, idonta a kan silin.

"Anti, an ce kin tsaya kin faɗi gaskiya. An ce har kin yi wa Cif tas."

"Na yi, ƙanwata."

"Da a watan Oktoba kika yi."

Morenike ta ajiye ledar lemon a gefen gado, tsohuwar ta ɗauka ta mayar mata a cinya. Ta fito da kayanta a hannu, ta zauna a mota ta yi ta dukan sitiyari har tafin hannunta ya yi ja.

Masu bincike sun rufe kamfanin kwana tara. An ɗauki nauyin jinyar Tunrayo, daga baya aka ba ta aiki a sashen duba kwali. Masu kamfani ba su kori Cif ba. Bayan bikin Ista aka sanar cewa zai yi ritaya don ya huta. Morenike kuwa ba wanda ya kira ta. Wata huɗu tana zaune a gida kafin ta sami aikin kula da wani ƙaramin gidan burodi a unguwar Apata.

A can direban kamfani ya same ta wata Asabar, tana tsaye tana faɗa da mai kawo itace. Ya rusuna ya miƙo mata kati mai ruwan zinariya da ƙunshin leshi. Walimar ban kwana da Cif ce, ga ankon da manyan ma'aikata za su saka. A jikin katin an rubuta jerin jawabai, na farko a kan darussan shugabanci daga rayuwar Cif Adeoti Fagbemi.

Ta karanta, ta mayar cikin ambulan, ta ɗora a kan leshin.

"Mayar musu. Ka ce ba ni da lafiya." Direban ya juya zai tafi, ta kira shi. "A'a, dawo. Kar ka ce haka. Ka ce lafiyata ƙalau, zuwa ne ba zan yi ba."